Aiki Ɗaya, Albashi Biyu: Daga Jirgin Parakou Zuwa Bututun Agadem

Bututun man fetur da ya taso daga Agadem, can cikin jahar Diffa, ta ƙasarmu ta Gaya ya ratsa kafin ya ƙetare kogin Isa ya nufi Seme, a bakin tekun Benin. Tsawonsa ya kusa kilomita 2,000, kuma a watan Mayu na 2024 jirgin ruwa na farko ya yi lodi. Ba a cika shekara ba, a watan Maris na 2025, gwamnatin Nijar ta umarci manyan jami'ai uku ƴan ƙasar Sin, na kamfanonin CNPC da WAPCO da matatar SORAZ, su bar ƙasar. Daga cikin dalilan da ministan man fetur na lokacin, Sahabi Oumarou, ya bayar akwai wannan: matsakaicin albashin ma'aikaci ɗan Sin dala 8,678 ne, na ɗan Nijar mai riƙe da muƙami iri ɗaya kuwa dala 1,200. Ninki bakwai ke nan har da ɗoriya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Tun daga lokacin nake jin amsa iri biyu a bakin masu ilimin boko, kuma babu wadda ta gamsar da ni. Wasu suka yi tafi, suka ce an share mana hawaye, suka koma barci. Wasu kuma, waɗanda da su nake a yau, suka kaɗa kai irin na masana suka ce: wannan ai ba wariyar launin fata ba ce, wariya can Amurka take, a nan batun ƙwarewa ne kawai, kuma mai kuɗi shi ke yanka albashi. Ina roƙon waɗannan malamai su buɗe littafin tarihin da suke koyarwa da kansu.

Ranar 10 ga Oktoba 1947 ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma rainon Faransa, kusan mutum 20,000, suka ajiye aiki, kuma sai ranar 19 ga Maris 1948 yajin ya ƙare. Cikinsu har da ma'aikatan layin Bénin-Niger, wanda ya taso daga Kwatano ya tsaya Parakou, inda motoci ke ɗaukar kaya su biyo ta Malanville zuwa Gaya. Me suka nema? Abin da suka kira cadre unique, wato tsani ɗaya ga kowa. A lokacin, Bature yana da nasa tsanin, da alawus da gida da hutu. Baƙar fata yana da nasa, gajere. A ƙasa kuma ga dubban auxiliaires waɗanda ko ƙafar tsanin ba su taka ba, komai daɗewarsu a aiki. Wannan yaji ne Sembène Ousmane ya gina littafinsa na 1960 a kai, Les Bouts de bois de Dieu, wanda muke sa ɗalibai su yi wa sharhi, su ci jarrabawa, mu duka mu manta.

A duba yadda dabarar take, domin ba ta mutu ba. Makarantar likitanci ta Dakar, wadda aka buɗe a 1918, ba ta ba ɗalibanta sunan likita kai tsaye ba: médecin auxiliaire aka kira su, daga baya médecin africain. Mutum zai yi tiyata, ya karɓi haihuwa, ya riƙe asibitin daji shi kaɗai shekara ashirin, amma saurayin da ya sauko daga jirgin Marseille jiya shi ne shugabansa. Haka malaman da suka fito William Ponty, irin su Boubou Hama da Diori Hamani: takardarsu ba ta da daraja a wajen yankin mulkin mallaka. Da farko an hana ka makarantar da ke ba da cikakkiyar takarda, sannan a ce ba ka da cikakkiyar takarda. Da dokar Lamine Guèye ta 30 ga Yuni 1950 ta haramta bambanta albashin ma'aikatan hukuma saboda launi ko asali, sai aka karkasa ma'aikata gida uku, cadre général da cadre supérieur da cadre local, takardar karatu ta zama mai gadin ƙofa. Kalmar launi ta fita daga doka, mutanen da ke sama da waɗanda ke ƙasa kuwa kusan duka suna nan inda suke.

Mazan jiya sun sha irin wannan, mafi ɗaci ma. Dokar kasafin kuɗin Faransa ta 26 ga Disamba 1959 ta daskarar da fanshon tsoffin sojojin ƙasashen da ke samun mulkin kai. Na Bafaranshe yana hawa tare da tsadar rayuwa, na abokin ramin yaƙinsa yana tsaye cak. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba tsoffin sojojin Senegal 743 gaskiya. Faransa ta yi kunnen uwar shegu. A 30 ga Nuwamba 2001 Conseil d'État ta yanke hukunci a shari'ar Amadou Diop, tsohon sajen da ya riga ya rasu kafin hukuncin. Sai da majalisar tsarin mulki ta sake magana a watan Mayu na 2010 kafin a daidaita fanshon daga Janairun 2011. Shekara 51. Nawa ne suka rage da rai? Kuma a duk tsawon wannan jayayya hujjar hukuma ita ce: mu ba launi muka duba ba, ƙasa muka duba, da arhar rayuwa a can. Jiya launi, shekaranjiya wayewa, yau ƙasa da ƙwarewa. Maciji ne ke saɓa, dafin bai canza ba.

(A matsayina na mai koyar da Faransanci, kalma guda ta daɗe tana ba ni mamaki. Wanda ya zo mana aiki expatrié ne, ɗanmu da ya je musu aiki immigré ne, alhali dukansu abinci suka fita nema. Na farko ana biyansa ladan nisa da gida, na biyu ana rage masa saboda baƙo ne. Ƙamus bai bayyana wannan ba.)

Su ma masu cewa wariya sai Amurka, da sun san yadda ake auna ta a can da sun yi hattara. A 2003 Devah Pager ta wallafa binciken da ta yi a Milwaukee: ta tura samari neman aiki da takardu iri ɗaya. Farar fata mai tarihin zaman kurkuku an kira shi sau 17 cikin ɗari, Baƙar fata mai tsabtataccen tarihi sau 14. Babu mai ɗaukar aikin da ya ce don launi ne. Ba a taɓa faɗa. Shi ya sa ake ƙirgawa.

Ban musa cewa a 2008, lokacin da aka sa hannu da CNPC kan Agadem, Nijar ba ta da isassun injiniyoyin mai. Ban kuma musa cewa wanda ya baro iyalinsa ya cancanci alawus. To amma alawus daban, albashin muƙami daban, kuma babu alawus ɗin da ke ninka albashi sau bakwai. Sannan ƙwarewa ba gado ba ce, koyonta ake yi. Yaron da ya shiga ajin sixième a Gaya a shekarar da aka sa hannu, zuwa 2025 ya isa ya gama digirin injiniya har ya yi shekaru yana aiki. Matatar Damagaram tun Nuwamban 2011 take aiki. Makarantar EMIG tana Yamai tana yaye ɗalibai. Idan bayan shekara 17 har yanzu ana cewa babu ɗan ƙasa da ya isa ya zauna kujerar sama, to ɗayan biyu ne: ko dai ba a koya masa ba, ko kuma an koya masa an hana shi hawa. Kowanne daga ciki laifi ne mai mai shi.

Wannan ne ya sa tafin ƴan rukunin farko bai burge ni ba. Korar mutum uku ba ta ƙara wa tsani ko mataki ɗaya. Dokoki kuwa ba mu rasa su ba: Nijar ta amince da yarjejeniya ta 111 ta ƙungiyar ƙwadago ta duniya, mai hana wariya a wurin aiki, tun 1962, kuma dokar ƙwadago ta 2012 ta tanadi albashi ɗaya ga aiki mai daraja ɗaya. Wane ne ya sa hannu a yarjejeniyoyin da suka bar ƙofar a buɗe? Ina masu binciken ƙwadago suke duk waɗannan shekaru? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Kuma laifi tudu ne. Mu malamai mun fi kowa sanin tsani biyu, domin tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasarmu ta cika makarantu da ƴan sa-kai, daga baya ƴan kwantaragi, masu riƙe aji ɗaya da alli ɗaya da cikakken ma'aikaci, a kan kuɗin da bai kai nasa ba, ba tare da tabbacin hawa mataki ba. A nan babu Bature, babu ɗan Sin. Auxiliaire ɗin 1947 ne muka sake wa suna da hannunmu. Hukumar da ke tuhumar baƙo da albashi biyu, bakinta zai fi nauyi ranar da ta rufe nata.

Abin da ya kamata ƙungiyoyinmu da na ƙwadago su nema ba shi da ado: kowane kamfanin mai, da na ma'adinai, da manyan ƙungiyoyin agaji, ya buga jadawalin albashinsa muƙami bayan muƙami, alawus a gefe guda; ya faɗi ƴan ƙasa nawa ke kowane mataki; kuma kowace kujerar da baƙo ke kai a rubuta sunan ɗan ƙasar da ake horarwa dominta da shekarar da zai karɓa. A buga shi da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, a karanta a gidajen rediyon Gaya da Dosso, domin mai gadin tashar bututu shi ma ya ji inda tsaninsa ya tsaya.