Zogalen Bayan Ɗaki da Zogalen Kanti: Me Muke Saye da Tsada?

Akwai wani abu da ya fara zama ruwan dare a gidajenmu na zangon Sinkase, da Dapango, da Sokode. Yaro ya tafi Lome karatu ko aiki, ya dawo hutu da tsaraba: ƴar leda mai sheƙi, an zana mata koren ganye, an rubuta "bio" da manyan baƙaƙe. Uwa ta buɗe, sai ta ga garin zogale. Ta tambayi kuɗinsa, aka faɗa mata, ta riƙe haɓa, sannan ta waiwaya ta dubi bishiyar da ke bayan ɗaki, wadda awaki ke miƙa wuya suna tsinka. Shi kuwa ɗan yana da amsarsa: "Inna, wannan mai tsabta ne, an auna shi." Dukansu biyu suna da gaskiya, kuma a tsakanin gaskiyar tasu ne tambayarmu take: shin kantunan nan masu sayar da abin da suke kira abincin lafiya sun cancanci kuɗin da suke karɓa?

Irin wannan kasuwanci ba a ƙasarmu ya samo asali ba. A Amurka, kantin Whole Foods Market ya buɗe a birnin Austin a 1980, ya bunƙasa har kamfanin Amazon ya saye shi a 2017 a kan dala biliyan 13.7. Amurkawa da kansu sun yi masa laƙabin zolaya mai nufin yana lashe albashin mutum ƙaf. Ke nan ko a can, inda aljihu ya fi namu nauyi, ƙorafin tsada bai kwanta ba. Yanzu salon ya iso manyan biranenmu, daga Lome zuwa Wagadugu da Akara, kuma kayansa suna biyo motocin da ke hawa babbar hanya zuwa arewa.

Mu duba abin da ke jere a kan katakon waɗannan kantuna. Garin ƴaƴan kuka ne, wanda Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a ƙasashenta a 2008. Acca ce, wadda ake nomawa a yankin Kara da tsaunukan Akposso, ita ma ta sami izinin shiga kasuwar Turai a 2018. Sai gero, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa shekarar 2023 shi da danginsa. Sai zoɓo, da riɗi, da aya, da man kaɗe. Waken suya da manoman Togo ke nomawa ba tare da takin zamani ba ya sa ƙasar ta shiga sahun gaba a Afirka ta Yamma wajen kai wa Turai irin wannan amfanin gona. A taƙaice, abincin da muka daɗe muna yi wa kallon na talaka, shi duniya ta ɗora a kan kujerar sarauta. Mun raina tuwon dawa da miyar kuka, mun koma wa shinkafar waje da dunƙulen magi, sai ga shi ana dawo mana da kukar a cikin kwalba.

To, kuɗin da aka ɗora a kai na mene ne? Na hayar gini ne, da wutar na'urar sanyaya ɗaki, da albashin mai gadi, da leda, da takardar shaidar da ake biyan masu bincike kafin a buga kalmar "bio". Idan kayan daga arewa suka fito, a ƙara kuɗin tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Lome, da na dawowa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke shiga jinin mai ci. Masu bincike na jami'ar Stanford, a 2012, sun tattara nazarce-nazarce fiye da 200, ba su sami ƙwaƙƙwarar shaidar cewa abincin "bio" ya fi saura gina jiki ba. Abin da suka gani shi ne, ragowar maganin ƙwari ta fi ƙaranci a cikinsa.

A nan ne ya kamata mu saurari ɗan nan da kunnen basira, domin kasuwarmu tana da ciwon da ba mu cika son ambata ba. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin fumfuna, fumfunar kuma tana haifar da wata guba da ake kira afalatoksin, wadda dafuwa ba ta kashe ta. Tana jawo sankarar hanta, kuma ana danganta ta da tsumburewar yara. A Kenya, a 2004, masarar da ta gurɓata da ita ta kashe mutum 125. Ga kuma ɗabi'ar zuba wa wake maganin ƙwari irin na fiya-fiya don kada ya huje; saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Mu da ke zaune a mahaɗar iyakoki uku, inda buhu ke ƙetarawa daga Burkina, daga Bawku, daga ko'ina, ba tare da an san gonar da ya fito ba, ba mu da ikon cewa wannan matsalar wasu ce. Kowa cikinmu ya taɓa ganin barkono ko tumatir shanye a gefen kwalta, ƙura da hayaƙin tirela suna sauka a kai.

Saboda haka ra'ayinmu shi ne: abin da kantin ke sayarwa da tsada amana ce, ba lafiya ba. Ga mafi yawan kaya, wato ganyen da ido ke iya tantancewa, da hatsin da muka san manominsa, da man kaɗen da muka san mai dafa shi, biyan ninkin kuɗi asara ce, musamman a wannan lokaci da rashin tsaro ya takura fatauci a yankin Savanes. Magidancin da ya rage kuɗin ƙwai da kifin yara don ya sayi leda mai ado, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. Inda ƙarin kuɗi zai iya zama da amfani shi ne abin da ido ba ya ganin illarsa, kamar markaɗaɗɗiyar gyaɗa da garin kunun yaye, da sharaɗin a ga sunan mai yi, da inda yake, da ranar lalacewa, da shaidar hukuma. Kuma a sani, kalmar "bio" tana magana ne a kan yadda aka yi noma. Ba ta hana fumfuna kama gyaɗar da ba ta bushe ba.

Sai dai maganar ba ta ƙare a kan mai saye ba, domin mu ne masu shaguna da rumfuna. Kakanninmu da suka bi hanyar goro daga Kano zuwa Salaga, suna yada zango a Sansanne Mango, ba su da takardar shaida ko hatimi. Sunan mutum shi ne jarinsa. Fatake na ba da bashi daga wannan shekara zuwa waccan a kan kalma kawai. Wannan amanar ce yau ake ƙunshewa a leda ana sayar mana. Dawo da ita ba ya buƙatar gini mai gilashi. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda jami'ar Purdue ta ƙirƙiro, yana kashe ƙwarin wake ta hanyar toshe iska, ba tare da ɗigon magani ba. Shanya a kan tamfol ko gado maimakon ƙasa, tsince gyaɗar da ta yi baƙi a zubar da ita maimakon a niƙe ta a ɓoye a cikin ƙuli-ƙuli, rufe gari daga ƙuda: duk ayyuka ne na kuɗi kaɗan. Ƙungiyoyin matanmu kuwa, masu daka kuka da daddawa, me zai hana su riƙa ƙullawa da kyau, su sa sunansu, ribar da ke tafiya Lome ta tsaya a zango?

Duk ranar da uwa za ta iya aiken yaro kasuwa ta ce, "Je wurin wane, wakensa ba magani," ba tare da shakka a zuciyarta ba, ranar ce tambayar tsadar kanti za ta daina damunmu. Kafin nan, ɗan da ke Lome ya kawo wa inna atamfa in yana son faranta mata. Zogale kam, akwai shi a bayan ɗaki. A dai shanya shi a inuwa, a rufe shi daga ƙura.