Liƙi Ba Lada Ba Ne: Haƙƙin Mawaƙi a Wurin Biki

Masu cewa mawaƙi ya yi wasa kyauta, ya dogara da liƙi, sukan kafa hujja da al'ada. Sai dai tarihi bai goyi bayansu ba. Makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi ba aikin banza suka yi ba. Abinci da sutura da abin hawa duk suna wuyan ubangida. Lada ne aka kira shi kyauta.

A yau wannan riƙo ya kau. Matashin da aka gayyato daga situdiyon Titin Gidan Zoo zuwa biki a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni shi zai biya mai fiyano da 'yan amshi. Mai abinci da mai hoto kuwa an yi jinga da su tun kafin ranar. Idan liƙi ya yi ƙaranci, mawaƙin ne zai koma gida da bashi.

Saboda haka ya dace a yi ciniki, a ba da kafin alƙalami, liƙi ya zama ƙari. Wasan kyauta yana da muhallinsa, kamar gidauniyar marayu, amma mawaƙin ne zai zaɓa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.