Ina Ƙungiyar Mai Haƙar Farar Ƙasa a Ƙanƙara?

A watan Yulin 2024, bayan doguwar tirka-tirka tsakanin ƙungiyar ƙwadago ta NLC da gwamnatin Tinubu, aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na N70,000 a wata. Aka yi ta shelar nasara a gidajen rediyo. To amma nasarar wa? Matashin da ke shiga rami yana haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara, da wanda ke yinin noma a gonar masarar wani a Faskari ko Sabuwa, nawa ya shiga aljihunsu?

Ko sisin kwabo! Domin kuwa dokar da kanta ce ta zare su. Ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta shafi mai aikin jinga ba, ba ta kuma shafi aikin da ke zuwa da damina irin noma ba. Wato dai akasarin masu ci da guminsu a waɗannan ƙananan hukumomi uku, an raba ba da su ba.

Abin takaici, a takarda komai ya ji. Tun 1960 Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 87 da ta 98 na Hukumar Ƙwadago ta Duniya, ILO, waɗanda suka ba ma'aikaci 'yancin kafa ƙungiya da zama da mai aiki a yi ciniki da murya ɗaya. A 2022 hukumar ta ƙara da cewa kare lafiya da rai a wurin aiki ma haƙƙi ne na asali. Amma wannan takardar ba ta hana Abacha rusa shugabancin NLC da na ma'aikatan mai a 1994 ba, ba ta hana shi tsare Frank Kokori har 1998 ba. In ta kasa kare jagora sananne, yaya za ta yi da yaron da rami ya rufta da shi a ƙauye?

'Yan uwa matasa su tuna, masu haƙar kwal 21 da 'yan sandan Turawan mulkin mallaka suka bindige a Inugu a 1949, masu shiga rami ne kamarsu. Jininsu na cikin abin da ya ba ƙungiyoyin yau bakin magana, sai ga shi yau ƙungiyoyin sun fi sanin mai ofis da takardar albashi.

Doka ta ce sai mutum 50 sun haɗu kafin a yi wa ƙungiya rajista. Hamsin ba wani yawa ba ne a bakin rami ko a kasuwar Sheme. Kafin rajista ma, ba abin da ya hana leburori su tsai da kuɗin buhu tun kafin a shiga aiki, su kafa asusun jinyar wanda ya ji rauni, su ƙi yarda a tura ƙananan yara rami. Daga nan sai su aika wakilai Katsina su tambayi shugabannin NLC na jiha: su 'yan ƙwadago ne ko kuwa a'a?