Gidan ƙauye da gonar gado: abin dubawa kafin ruwa ya sauka

Bara cikin watan Agusta ina rumfa a nan Kumasi aka kira ni daga gida, wai soron tsohuwata ya rufta gefe guda. Allah Ya kiyaye, tana tsakar gida lokacin. Da na bi diddigi, ashe indararo ne ya toshe da ganye da sheƙar tsuntsu, ruwa ya kwanta a kan rufin kwana da kwanaki har ya jiƙa azara. Aikin da yaro zai yi da sanda cikin minti biyar, shi ya cinye mini ribar wata biyu.

To shi ya sa nake cewa, Afrilu da farkon Mayu ne lokacin gida. In ba za ka samu zuwa ba, sa a hau rufin a share, a buɗe kowane indararo, a cike tsaga da yaɓe. Magina na dā suna haɗa yaɓen da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya riƙa zamewa. In akwai mai iya wannan a garinku, ka riƙe shi da kyau. Ni dai ban yarda da shafa siminti a kan katangar ƙasa ba. Shekara biyu uku sai ya rabu da jikin ginin, ruwa ya shiga ta baya, kana ganin fuska sumul alhali ciki ya ruɓe. Gindin katanga ma a tara masa ƙasa a daɓe, ya gangara waje, domin daga ƙasa ruwa ke fara cin gini.

Sai gara. Kada a jingina kara ko itacen girki a jikin bango. In gidan kwano ne, a duba katakon rufi, wanda aka ga hanyar gara a kansa a kankare a shafe shi da baƙin mai. Azarar giginya ta fi jurewa, amma ita ma a leƙa ta.

Gidan da ba kowa ya fi saurin mutuwa. Sa wani a ciki, ko malamin makaranta ko ɗan uwa mai sabon aure, ko da ba zai biya ko sisi ba. Amma a rubuta cewa aro ne.

Nan ne maganar ta fi nauyi, domin gona ma haka take. Da yawanmu mun bar gonar gado a hannun ƙani ko ɗan baffa da baki kawai. Shekara goma sha biyar ta wuce, dattawan da suka san zancen sun rasu, 'ya'yansa sun tashi sun ga ubansu ne ke nomawa, naka kuma an haife su a zango, ko hanyar gonar ba su sani ba. Kunya ce ke hana mu rubutu, na sani, ni ma ta hana ni. Ka je gaban mai gari da shaidu biyu, a rubuta aro ne ko haya ko jingina, da adadin shekaru. A Nijar akwai kwamitin filaye da ake kira COFO, wanda ya samo asali daga dokar karkara ta 1993, yana ba da takardar shaida. A Najeriya kuwa, dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallakar gargajiya a kan filin karkara. Ka ɗauki hoton takardar a waya, ka tura wa babban ɗanka.

Iyaka kuma a dasa mata abu mai rai, gamba ko jema ko bini-da-zugu. Dutse ana matsar da shi cikin dare.

Wanda ka ba aron shekara ɗaya ba zai zuba taki ba, kuma kada ka ga laifinsa, bai san ko shi zai ci amfanin baɗi ba. Ba shi shekara uku da sharaɗin taki, da barin makiyaya su kwana a gonar bayan girbi. Ka kuma ja masa kunne a kan gawo. Itace ne da ke zubar da ganye da damina, ba ya yi wa gero inuwa, ga shi yana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Manoman Maradi tun shekarun 1980 suka koma barin tohon kututture lokacin sassabe, su zaɓi masu ƙarfi biyu ko uku su rene su, yau ga itatuwa cike da gonaki ba tare da an sayi dashe ba.

Kuɗin gyara kada ka tura shi dunƙule. Tura na share rufi da yaɓe, a nuna maka a bidiyo ta WhatsApp, sannan ka tura na gaba. Ni bana ƙanwata na damƙa wa lissafin, ita ce ke kwana a ƙarƙashin rufin tare da tsohuwa.