Sautin Watan Maulidi Da Amanar Da Ke Cikinsa

Da zarar jinjirin watan Rabi'ul Awwal ya tsaya, ba sai an yi wa kowa shela ba a garuruwa irin su Kano, Zariya, Katsina da Damagaram. Kunne ne ke fara sanar da mutum. Bayan Isha'i sai a ji zaurukan malamai sun ɗauki karatun Ishiriniya, can wani lungu mandiri na tashi, 'yan Islamiyya kuma na ta bitar waƙen da za su rera ranar zagaye. Dattijon da aka daɗe ba a ga haƙoransa ba sai ga shi yana gyaɗa kai yana amshi. Babu shakka wannan farin ciki abu ne mai asali, kuma ya wajaba matasa su san daga ina ya taso.

Tun a Madina aka fara. Hassanu bin Sabit (RA) ya kasance yana rera baitocinsa na yabo da kariya ga Manzon Allah (SAW) a cikin masallaci, har ma lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya nuna rashin jin daɗi daga baya, sai ya tuna masa cewa ya yi hakan a gaban wanda ya fi shi. Ka'abu bin Zuhairu kuwa ya zo yana tsoron ransa, ya yi ƙasida, ya koma da gafara da kyautar mayafi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa a wata ranar Idi wasu 'yan mata biyu na waƙa a ɗakin Nana A'isha (RA), Sayyidina Abubakar (RA) ya tsawata masu, Manzo ya ce a ƙyale su domin ranar murna ce. Ashe ke nan addinin nan bai zo don ya mayar da ranakun farin ciki zaman makoki ba.

Ita Ishiriniyar da ake ji kowane dare, ɗan Andalus ne ya tsara ta, Abu Zaid Alfazazi, wanda ya rasu a 1230. Ya bi haruffan Larabci 29, kowane harafi ya ba shi baiti 20, daga nan sunan ya fito. Ibn Muhib ya zo ya yi mata tahamisi, wato ya ƙara ɗango uku-uku a kan kowane baiti. Ta ƙetare Sahara a jakunkunan malamai da fatake, ga shi yau bayan kusan shekara 800 almajiri a Fagge na rera ta da ka, alhali mulkin Musulmi a Andalus ya faɗi tun 1492. Wannan kaɗai abin tsayawa a yi tunani ne. Haka Burda da Hamziyya na Busiri, mutumin Masar. A nan gida kuwa, Shehu Usman Ɗan Fodiyo yana saurayi ɗan kimanin shekara 20 ya yi ƙasidarsa ta begen ziyarar Madina. Allah bai nufe shi da zuwa ba, amma begen nan ne ya fito da shi wa'azi ƙauye-ƙauye har aka kai ga hijira zuwa Gudu a 1804. Malam Aliyu Namangi na Zariya, makaho, ya bar wa Hausawa Imfiraji. Dukansu ilimi suka fara sha kafin su buɗe baki.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Tun a shekarun 1990 wasu ƙungiyoyin bege a Kano suka shiga aron karin waƙoƙin finafinan Indiya suna ɗora yabo a kai. Daga baya situdiyo da fiyano suka shigo, har ta kai kowane mai zaƙin murya da wayar hannu ya zama sha'iri cikin mako guda, bai karanta ko da Ahalari ba balle Sira. Sakamakon haka sai ake jin kalmomin da suka wuce iyaka a haƙƙin Allah, wal'iyazu billahi, da waɗanda ba su dace da darajar Manzo ba, mai yin su kuma bai ma san ya yi ɓarna ba. Abin takaici kuma, a tsakiyar yabon Fiyayyen Halitta sai a karkata zuwa kirarin wani Alhaji ko ɗan siyasa don ya taso ya yi liƙi. Wa ake yabo ke nan?

Akwai kuma lasifikar da ake ƙure wa murya har ƙarfe uku na dare kusa da mara lafiya da mai jego, sannan a wayi gari sahun Asuba bai cika ba saboda masoya sun kwana suna rawa. Ranar Takutaha ma, wadda mutanen Kano suka saba hawa Dala cikin nishaɗi, 'yan daba kan kutsa cikinta da makamai, wannan kuwa shi ke ba masu sukar Maulidi baki ɗaya abin faɗa.

Gyaran na hannun matasa, tunda su ne masu riƙe da mandiri da makirfo. Duk wanda ya tsara waƙe ya kai wa malami ya duba masa kafin ya shiga situdiyo. Masu shirya majalisi su tsayar da lokacin tashi, su rage ƙarar na'ura, su hana kirarin masu kuɗi. Kuma kafin daren 12 ga wata, kowace unguwa ta samu wanda zai zauna da samari ya fassara masu ko da harafi ɗaya na Ishiriniya, baiti bayan baiti.