Da wane suna muke kiran gwanar sassaƙa?

A 1982 Anne Delbée ta wallafa Une femme, ƙagaggen labari a kan rayuwar Camille Claudel (1864-1943), gwanar sassaƙa ta Faransa. Da muka tattauna littafin da abokan karatu, ra'ayi ya rabu biyu: wasu na tausaya mata saboda shekaru 30 da ta shafe a tsare a asibitin masu taɓin hankali, wasu na ganin marubuciyar ta zuzuta soyayyarta da malaminta Rodin fiye da kima.

Ni kuwa harshen muhawarar ne ya dame ni. Kowa cewa yake "Rodin", amma ita "Camille", kamar ƙanwar gida. A Faransanci, da sunan dangi ake ambaton wanda aikinsa ya shahara, ga shi ƙanenta Paul, marubucin waƙa, ya riga ya mallaki "Claudel" a littattafan makaranta. Wadda aka kira da sunan yanka, labarin zuciyarta ake bi, a mance da aikin hannunta. Har muka watse ba wanda ya ambaci La Valse ko L'Âge mûr.

Ƴan'uwa manazarta harshe, tausayi bai biya ta haƙƙinta ba. Mu ce Claudel, mu dubi abin da ta sassaƙa.