Mutuwar yatsu da dare: ba kowane ciwon hannu ne "sanyi" ba

A Gidan Goga da sauran ƙauyukan Maradun, Bakura da Talata Mafara, hannu shi ne jari. Da shi ake daka da surfe, da shi ake dashen shinkafa a gonakin rani na madatsar Bakolori, da shi ɗan kabu-kabu ke riƙe kan babur tun safe har dare. Amma idan yatsu suka fara minjirya, amsar da aka fi bayarwa ita ce "sanyi ne", a sayi ƙwaya a kemis, a koma aiki.

Sau da yawa ba sanyi ba ne. Akwai ciwon da likitoci ke kira kafal tanel, wato matsewar jijiyar tsintsiyar hannu. A wuyan hannu akwai wata 'yar siririyar hanya da ƙananan ƙasusuwa suka kewaye, wani tantani mai tauri ya rufe ta. Ta nan jijiyar da ke kai ji zuwa yatsu ta bi, tare da igiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu. Da zarar wurin ya kumbura, jijiyar ce ke shan matsa.

Alamarsa a fili take. Babban yatsa, manuni, na tsakiya da rabin na kusa da shi ne ke mutuwa ko zugi, ƙaramin yatsa kuwa lafiya lau. Yakan tsananta da dare, har mutum ya farka yana yarfa hannu. Riƙe waya na tsawon lokaci da hannu a lanƙwashe ma na iya tayar da shi. Ya fi kama mata, musamman masu juna biyu, da masu ciwon suga, da masu ƙiba, da waɗanda ke aiki da injin da ke jijjiga hannu.

Idan aka gano shi da wuri, magani na farko ba shi da tsada: abin ɗaure tsintsiyar hannu da ake kwana da shi na wasu makonni, don kada hannu ya lanƙwashe cikin barci. Na mai ciki yakan lafa bayan haihuwa. In bai yi sauƙi ba, likita na iya yin allurar rage kumburi a wurin. In ya yi tsanani, sai ƙaramar tiyata: a kashe zafin hannun, a yanka tantanin don jijiya ta sami sarari, yawanci a sallami mutum a ranar.

Jinkiri shi ne babban haɗari. Tiramadol na rufe zafi ne kawai, bai buɗe wa jijiya hanya. Tsagar wanzami ma haka. Idan tudun naman da ke gindin babban yatsa ya fara motsewa, kofi ko allura suna suɓucewa daga hannu, to ko an yi tiyata ƙarfin ba lallai ya dawo duka ba.

Wani zai ce, yankin da ke fama da 'yan bindiga da zazzaɓin cizon sauro, ina shi ina zancen yatsu? Ai rashin tsaron ne ma ya sa maganar ta zama dole. Tafiya Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato na cin kuɗi, ga fargabar hanya. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Zamfara ta koya wa ma'aikatan asibitocin shan magani gane ciwon ta 'yan tambayoyi da gwajin lanƙwasa hannu na minti 1, ta ajiye musu abin ɗaure hannu, a riƙa auna suga, a tura gaba wanda ya buƙaci tiyata kaɗai.

Gargaɗi ɗaya: idan hannu ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, wannan alamar shanyewar ɓarin jiki ce. A garzaya asibiti nan take.